DARASI NA 9: ƊAN MAKARANTA DA TSORON JARRABAWA

Karatu: Daniyel 1:1-21
A duba kuma: Matta 6:25-34, Filibiyawa 2:19-20 da 4:4-7, I Sarakuna 19:1-8
Aya ta haddacewa: I Bitrus 5:7

Ga mai koyarwa: Kada ka fara da bayani. Bari a karanta surar duka da murya tukuna, kowa aya biyu ko uku. Idan akwai iyaye cikin aji, a roƙe su su zauna har ƙarshe, gama rabin darasin nan nasu ne.

Kowane mazaunin Bauchi ya san akwai wani lokaci cikin shekara wanda manoma ba su sa masa suna ba, amma gidaje da yawa suna jin zuwansa kamar yadda a ke jin zuwan hunturu. Ya kan soma cikin zafin bazara, wajen watan Afrilu, sa'anda samari da 'yan mata su ke shiga jarrabawar JAMB. Kafin su huta ta WAEC ta iso cikin Mayu da Yuni, ta NECO kuwa tana biye da ita har damina ta yi nisa. Waɗanda suka riga suka shiga jami'a su ma suna da tasu, sau biyu a shekara. Idan ka bi ta Yelwa ko Gwallameji da tsakar dare a waɗannan kwanaki, za ka ga azuzuwa cike da mutane. Wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwa domin kada barci ya ɗauke shi, wani yana tauna goro, wata kuwa tana riƙe da littafi a buɗe, idanunta a kai, amma ta yi rabin sa'a ba ta juya shafi ba.

Akwai wani saurayi, ɗan wani ƙauye a kudancin jihar nan, wanda ya kan zo ya taimake mu da karanta abin da muka fassara, domin mu ji ko Hausar ta zauna daidai a kunne. Yaro ne mai natsuwa, mai kaifin kai. Wata shekara muka ga ya rame, murya ta dushe, yana karatu yana tsallake layi. Muka yi zaton zazzaɓi ne. Da muka matsa masa, sai ya faɗa mana ya faɗi a darasi ɗaya tun zangon da ya wuce, abin da 'yan jami'a su ke kira kariyoba, watau tilas ya maimaita shi. Wata biyar ke nan bai gaya wa kowa a gida ba. Ubansa ya sayar da bijimin noma domin kuɗin makaranta. Ya ce, "Malam, faɗuwar ba ta hana ni barci kamar fuskar Baba. Ko na rufe ido ita na ke gani."

Domin irin wannan saurayi muka shirya darasin nan, da domin ubansa kuma.

Kada wani ya ce yaran zamani ne kaɗai su ke da raunin zuciya. Ƙofar ilimi a ƙasar Bauchi tun da daɗewa ƙunƙuntacciya ce. A 1928 aka zaɓi wani yaro daga makarantar lardi ta Bauchi, Abubakar, ɗan garin Tafawa Balewa, aka aika da shi Kwalejin Katsina, wadda ita ce babbar makarantar gwamnati a dukan Arewa a lokacin. Ya yi shekara 5 a can, ya komo a 1933 ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. A zamaninsa yara kaɗan ƙwarai a kan ɗauka daga kowane lardi, sauran kuwa su koma gida. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa an kafa ta a 1980, tana da mazauni a Yelwa da Gubi, ga kuma kwalejin fasaha ta tarayya a Gwallameji. Makarantu sun yawaita, amma masu neman shiga sun fi su yawaita. A 2025 matasa kusan miliyan 2 suka rubuta jarrabawar JAMB a ƙasar nan. Tambaya 180 cikin sa'a 2, a gaban kwamfuta, a kan darussa huɗu: da wannan a ke auna wahalar shekara 12. Wanda ya ji gabansa yana faɗuwa saboda wannan, yana da dalili.

MAKARANTAR BABILA

Mu koma ga karatunmu. Wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi, ya kwashi waɗansu daga cikin 'ya'yan sarauta da na manyan Yahuda. Ya umurci Ashfenaz, shugaban bayin fādarsa, ya zaɓo samari masu lafiyar jiki da basira, a koya masu rubutu da harshen Kaldiyawa har shekara 3, sa'an nan a kawo su gabansa ya gwada su da kansa.

Ku lura da kyau, wannan makaranta ce, da dukan abin da makaranta ta ƙunsa. Akwai zaɓe a bakin ƙofa. Akwai ɗakin kwana nesa da gida. Akwai abinci wanda ba irin na uwa ba. Akwai karatu cikin baƙon harshe, kuma duk yaron da ya tashi da Zaar ko Jarawa ko Fulatanci a gida, ya koyi Hausa a titi, sa'an nan aka ce ya amsa tambayar kimiyya da Turanci, ya san nauyin wannan. Rubutun Babila kuwa ba haruffa ashirin da 'yan kai ba ne kamar na Ibraniyawa. Alamu ne ɗari-ɗari waɗanda a ke dannawa a kan ɗanyen yumɓu. A ƙarshe akwai jarrabawa ta baki, mai jarrabawar kuwa mutum ne wanda, kamar yadda sura ta 2 ta nuna, ya kan ba da umurni a kashe masana idan amsarsu ba ta gamshe shi ba. Ba mu san wata jarrabawa a Bauchi da ta kai wannan ba.

Abu na fari da makarantar ta yi masu shi ne ta sāke masu suna. Daniyel ya zama Belteshazzar, Hananiya ya zama Shadrak, Mishayel ya zama Meshak, Azariya ya zama Abed-nego. Sunayensu na gida suna ɗauke da sunan Allah na Isra'ila; sababbin an ɗauko su daga harshen Babila da al'adunta. Makaranta tana so ta gaya wa yaro ko shi wane ne. Har yanzu haka ta ke yi, da lamba da maki. Mun sha jin ɗalibai suna kiran juna da makinsu, wane ɗan daraja ta ɗaya ne, wance kuwa ta uku ce, sai ka ce sunan yanka. Amma ku duba cikin littafin, har tsufansa mutumin nan yana kiran kansa Daniyel. Ya amsa sabon suna a aji, ya yi aikin da aka sa shi, bai kuwa yarda sunan ya shiga har ƙasan zuciyarsa ba. A ganinmu nan ne tushen natsuwarsa. Ɗalibin da ya ɗauki makinsa ya zama sunansa, kowace jarrabawa ta zama masa ranar shari'a, ba kuwa mai iya yin tunani sosai yana tsaye gaban alƙali.

Yanzu ga tambaya wadda muna so aji ya amsa kafin a ci gaba. Cikin surar nan duka, wane ne aka ce yana jin tsoro? Ku duba aya ta 10. Ba ɗalibi ba ne. Shugaban makarantar ne. Yana tsoro kada yaran su rame sarki ya gani, shi kuwa ya rasa kansa. Tsoron babba ne ya ke neman sauka a kan yara, ya ƙayyade masu abin da za su ci. Za mu komo kan wannan sa'anda mu ke magana da iyaye.

Daniyel kuwa ya riga ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Ya yanke wannan tun a shekara ta fari, tun jarrabawa tana nesa. A makarantunmu ma akwai abincin sarki: amsar da a ke sayarwa a waya daren jarrabawa, 'yar takarda cikin safa, wurin jarrabawa inda an san a kan rufe ido idan an biya. Ba mugunta ce ta kan kai yawancin yara ga waɗannan ba, tsoro ne. Wanda bai yanke shawara tun da wuri ba, zai yanke ta a daren da hankalinsa ya fi tashi, ba safai kuwa ta ke fita daidai ba. Ga shi kuma satar amsa ba ta kashe tsoro. Tana ƙara masa wani, watau tsoron kada a kama shi, a soke sakamakon duka.

Bai yi tawaye ba kuma. Ya roƙi a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Bai ɗauki shekara 3 a kansa gaba ɗaya ba. Ya yanka ta guntu wanda ido zai iya ganin ƙarshensa. Kuma su huɗu ne. Ba mu ga Daniyel shi kaɗai a surar nan ba.

Wajib ne mu yi gargaɗi ɗaya. Surar ta ƙare da sarki ya iske su sun fi masanansa har sau 10. Mun ji an yi wa'azi da wannan aya kamar alkawari ce cewa kowane mai bi zai fita da daraja ta ɗaya. Nassin bai faɗi haka ba, kuma irin wannan wa'azi yana ɗora wa yaron da ya faɗi kaya biyu, gama yanzu yana zaton Allah ma ya ƙi shi. Labari ne na abin da Allah ya yi wa samari huɗu domin wani aiki da ya ke da shi a Babila. Mun san masu tsoron Allah da yawa waɗanda suka rubuta Lissafi sau uku kafin su sami kiredit.

KALMA ƊAYA MAI FUSKA BIYU

Mu da mu ke aikin fassara mun daɗe muna fama da wata kalma ta Helenanci, merimnao. Ita ce Ubangiji Yesu ya yi amfani da ita sau 6 cikin Matta 6:25-34, ita ce kuma ya faɗa wa Marta cikin Luka 10:41, ita ce Bulus ya hana cikin Filibiyawa 4:6. Hausa tana da arziki a nan har ya yi mana yawa: alhini, damuwa, zullumi, juyayi, fargaba, taraddadi. Kowace tana da nata launi. Fargaba ta kan zo farat ɗaya ta wuce. Zullumi kuwa shi ne mai kwana da mutum, yana kallon abin da bai iso ba tukuna. Waɗansu masana suna danganta kalmar Helenancin da wata mai ma'anar rarrabawa, watau zuciya ta rabu kashi-kashi. Ko asalinta ke nan ko ba shi ba ne, kwatancin ya dace da yarinyar nan mai littafi a buɗe: ido yana kan shafi, zuciya tana ƙauye.

Abin mamaki shi ne, cikin wasiƙa guda, Bulus ya yaba wa Timoti da wannan kalma kanta. Cikin Filibiyawa 2:20 ya ce ba shi da wani kamarsa wajen kula da lafiyar ikilisiya, kalmar da muka juya da "kula" kuwa ita ce wadda ya hana a sura ta 4. Haka kuma cikin I Korintiyawa 12:25, inda gaɓoɓin jiki su ke kula da juna. Ashe abu ɗaya ne, da fuska biyu. To, yaya za a rarrabe su?

Ga ma'aunin da muka ga yana aiki. Kula tana da abin yi yau. Zullumi ba shi da shi. Ɗalibin da ya ce, ban gane babi na huɗu ba, bari in nemi wane ya nuna mani bayan sujada, yana kula. Wanda ya kwanta yana lissafin abin da zai faru idan makinsa ya sauka, idan bai sami aiki ba, idan ƙannensa suka bar makaranta saboda shi, yana zullumi, gama ba ko ɗaya cikin waɗannan da zai iya taɓawa da ƙarfe biyu na dare. Ubangiji bai hana shuka ba sa'anda ya nuna tsuntsaye. Tsuntsu ma tun asuba ya ke fita kiwo. Abin da ya hana shi ne a ɗauko kayan gobe a ɗora a kan na yau. Saboda haka kada wani malalaci ya fake da Matta 6. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, Nassi kuwa bai musa masu ba.

JIKI MA YANA DA MAGANA

Sa'anda mutum ya firgita, jiki ya kan zuba wani sinadari cikin jini wanda likitoci su ke kira adirenalin. Zuciya ta buga da sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Allah ya yi wannan domin mutum ya iya tsere wa maciji. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani. Tun 1908 masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, suka gwada ɓeraye suka ga matsi kaɗan yana sa su koyi abu da sauri, amma idan ya yi tsanani kuma aikin mai wuya ne, sai koyon ya lalace. Wurin da hankali ya ke ajiye abin da ya ke aiki da shi a take ƙarami ne, kamar faifai. Idan zullumi ya cika faifan, ba sauran wurin da lissafi zai zauna. Shi ya sa yaro ya kan fito daga ɗakin jarrabawa, yana isa bakin ƙofa amsar ta faɗo masa. Tana nan tun ɗazu, wuri ne ba ta samu ba.

A 2011 masana biyu na Jami'ar Chicago, Ramirez da Beilock, suka sa waɗansu ɗalibai su zauna minti 10 kafin jarrabawa su rubuta dukan abin da ke tsorata su. Waɗanda su ke da yawan fargaba suka fi yin ƙoƙari bayan sun yi haka. Ba kowa ya ke yi wa amfani ba, amma takarda da biro ba su da tsada. Mu dai da muka karanta wannan sai muka tuna Bulus bai tsaya ga cewa kada a damu ba. Ya ce a faɗi roƙon a gaban Allah, abu-abu, tare da godiya. Damuwar da aka kira ta da sunanta ta kan ragu. Wadda aka bari ba suna ita ce ta kan cika ɗaki.

Game da karatun dare har asuba za mu faɗi ra'ayinmu a fili: asara ce. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa cikin sa'o'i na fari, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama ɗaya. A 1924 waɗansu masana a Jami'ar Cornell suka iske wanda ya yi barci bayan haddacewa ya fi tunawa bisa wanda ya zauna a farke. Barci ne ya ke ɗaure abin da aka koya. Sa'a ɗaya kowace rana har wata biyu, kana rufe littafi kana tambayar kanka ko kuwa abokinka yana tambayarka, ta fi dare bakwai da ƙafa cikin bokiti. Game da ƙwayoyi kuwa, tiramadol da maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana a 2018, mun ga samarin da suka fara su domin karatu, karatun ya ƙare, su ba su rabu da su ba.

Ku buɗe I Sarakuna 19. Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda, ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa, yana cewa bai fi kakanninsa ba. Ku lura, shi ma ya auna kansa ne ya ga bai kai ba. Me Allah ya yi? Bai yi masa wa'azi ba tukuna. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko a tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sāke barinsa ya kwanta, ya sāke ciyar da shi. Magana ta zo daga baya, a Horeb. Idan annabi ya bukaci tuwo da barci kafin ya iya jin muryar Allah, ɗan aji biyu a jami'a bai fi ƙarfinsu ba.

A nan tilas mu yi magana mai nauyi. Idan ɗalibi ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ya janye daga mutane, ko kuwa ya fara cewa gara ya mutu, wannan ya wuce abin da za a ce masa ya yi haƙuri kawai. Kada a bar shi shi kaɗai. A gaya wa fasto ko dattijo a ranar, a kai shi wurin likita, ko a asibitin makaranta ko a Asibitin Koyarwa na cikin gari. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

MA'AUNIN KANSA

A yawancin jami'o'in ƙasar nan a kan auna ɗalibi bisa maki 5. Daga 4.50 daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama. Tsakanin 3.49 da 3.50 ba abin da ido zai gani, duk da haka takardar shaida ta bambanta, ma'aikatu da yawa kuwa takardar su ke dubawa. Ba za mu ruɗe ku mu ce maki ba kome ba ne. Yana buɗe ƙofa, yana rufe ta.

Amma ma'auni ne na 'yan adam. Cikin Mayu 2025 aka fitar da sakamakon JAMB, fiye da miliyan 1.5 suka sami ƙasa da 200 cikin 400. Kuka ya tashi a gidaje. Bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sāke masu jarrabawa. Muna girmama shi domin ya faɗi gaskiya. Amma kafin gaskiyar ta fito, jaridu sun riga sun ba da labarin wata yarinya a Legas wadda ta ɗauki ranta saboda makin da ta gani. Mu riƙe wannan a zuciya duk sa'anda mu ke so mu yanke wa yaro hukunci bisa lamba. Ko sa'anda lambar ta ke daidai, abin da ta auna shi ne aikin sa'a 2 na wata rana, wataƙila ranar da yaron ya ke da zazzaɓi, ko ya taso daga Dass tun asuba ba karin kumallo.

GA IYAYE DA DATTAWA

Mun ce za mu komo kan Ashfenaz. Yana ƙaunar Daniyel, Nassi ya faɗa, amma tsoronsa ya kusa ya zama doka a kan yaron. Haka iyaye da yawa su ke. Uban da ya sayar da bijimi yana tsoron talauci, yana tsoron bakin maƙwabta, ba kuwa laifi ba ne. Laifin shi ne a juye wannan duka a kan ɗan shekara 19 da kalmomi irin su, kai ne begen gidan nan, ko kuwa, dubi ɗan wane. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ya ɓoye sakamakonsa wata biyar ya yi kuskure, amma a tambaya me ya koya masa cewa gida ba wurin kai mugun labari ba ne.

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Mu kan kira waɗanda suka ci su fito gaba da godiya, da rawa, da baiko. Daidai ne. Amma a wannan Lahadi akwai waɗansu a benci na baya, ko kuwa ba su zo ba sam. Wa ya je gidansu? Cikin misalin talanti na Matta 25, mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, kalma da kalma. Wanda aka tsauta wa shi ne wanda tsoro ya sa ya binne nasa. Mun san yara masu talanti biyu waɗanda a ke dūkansu da baki domin ba su kawo ribar mai biyar ba, har sun gaji sun binne biyun.

Saurayin nan namu, muka ce masa, "Ɗana, ba za mu gaya wa babanka a madadinka ba, amma ba za ka tafi kai kaɗai ba." Muka tafi tare da wani dattijon ikilisiya. Uban ya ji, ya yi shiru, ya tashi ya shiga gona bai ce kome ba. Tafiyar komowa Bauchi ba ta yi daɗi ba. Bayan mako biyu sai ga ƙanensa da ƙullin gyaɗa da saƙo cewa Baba ya ce ya ci abinci. Ya maimaita darasin ya ci, ba da maki mai yawa ba, kuma darajar da ya so tun farko ta riga ta kuɓuce masa. Har yanzu abin yana yi masa zafi idan an taɓo shi. Amma tun daren da ya komo daga ƙauye ya yi barci.

TAMBAYOYI

1. Cikin Daniyel 1, waɗanne abubuwa ne ke hannun samarin nan huɗu, waɗanne ne kuwa ba su hannunsu? Yi irin wannan rabo ga jarrabawar da ke gabanka.

2. Karanta Filibiyawa 2:20 da 4:6 tare. Ba da misali daga makon nan na kula, da na zullumi.

3. Don me Iliya ya bar baransa a Biyer-sheba? Wane ne ya san ainihin makinka ban da kai?

4. Ga iyaye: idan ɗanka ko 'yarka ta faɗi, wa za ta fara gaya wa, kai ko wani? Don me?

Kafin a tashi, mai koyarwa ya rubuta sunayen dukan waɗanda za su shiga jarrabawa cikin watanni uku masu zuwa, a raba su ga dattawa da matan zumunta, kowane ɗalibi da mutum ɗaya wanda zai ziyarce shi kafin jarrabawa, ya sāke ziyartarsa ranar da sakamako ya fito, ko yaya ya fito. Mako mai zuwa za mu karanta labarin Yohanna Markus, wanda ya juya baya a tafiyarsa ta fari. A karanta Ayyukan Manzanni 13:13 da 15:36-41, da II Timoti 4:11, kafin a zo.